Agwagwar da Ba a Ɗanɗanawa

Men Sadri, wato uwar Sadri, na shirya furannin baiko ga alloli sai hannunta ya tsaya cak. Ga kwanon gishirinta can gefen turmi, cike fal yadda ta ɗebo shi jiya. Ita kuwa agwagwar gashin da suke kira betutu ta kwana a binne cikin garwashin ƙaiƙayin shinkafa, naɗe da ganyen ayaba, yau kuma za a kai ta haikali don bikin wata shida na jikanta.

"Baban Sadri, na shiga uku! Ban sa gishiri ba."

Mijin nata, wanda aikinsa naɗe agwagwar da gadin wuta, ko ɗagowa bai yi ba. "Haba, tsohuwa. Alloli ƙamshi kawai suke ɗauka."

"Dangin surukarmu fa? Su ma ƙamshin za su ci?"

Kowa ya sani, abin da za a miƙa wa alloli ba a kai shi baki sai sun fara. Wanda aka lasa ya zama saura, ba ya hawa wurin baiko. Ita kuwa tun tana amarya ba ta taɓa lasar haɗinta ba, kuma da wannan take tinƙaho a unguwa: hannunta, in ji ta, ya fi harshen kowa.

Ta ɗauki agwagwar a ka zuwa haikali. Aka yi addu'a, aka yayyafa ruwan tsarki, aka sauko da ita don jama'a. Da aka kware ganyen, nama na zamewa daga ƙashi, ƙamshin citta da kurkum ya cika wurin. Uwar surukar, mai baki kamar reza, ta gutsura, ta lumshe ido.

"Kai, Men Sadri! Gishirin nan kamar an auna."

Men Sadri ta kai loma. Daidai yake, ba ƙari ba ragi. Ta juya a hankali ta dubi mijinta, wanda ya duƙufa kan shinkafarsa kamar bai ji ba.

Sai da suka kama hanyar gida ta ce, ƙasa-ƙasa, "Yaya aka yi ka san babu?"

Ya ƙara sauri, ta cim masa.

"Tun yaushe alloli ke cin sauranka?"

Ya sosa ƙeya. "Tun bikin Sadri tana jaririya. Wannan karon ma da sauƙi, gishiri ne kawai."