Gwangwanayen Anti Rebeka

Daga gadar Jimeta har iyakar Kamaru babu makarantar rainon yara da ta kai ta Dakta Hamman zurfi a kimiyya. Shi da kansa ya tabbatar da haka a taron iyaye, ya kuma yi alkawarin cewa ranar yaye ɗalibai kowane ɗan shekara biyar zai nuna hoton da ya ɗauka da kyamarar da ya ƙera. Aka tafa. Dakta ya shiga mota, aikin ya faɗa kan malamar ajin, Anti Rebeka.

Kyamarar dai gwangwanin madara ce: a shafe cikinsa da baƙin fenti, a huda gefe da allura, a sa takardar hoto cikin duhu, a naɗe da baƙin salatif. Takardun daga Kano aka aiko, daidai yawan yaran. Kowa ya ɗauki hoton abin da ya ga dama, wani tunkiyar mai gadi, wani tankin ruwa. Marvelous, 'yar Anti Rebeka, ta shanya uwarta a rana. Doka ɗaya aka haddace: kada haske ya shiga kafin a wanke, in ya shiga hoto ya mutu.

Makarantar tana Wuro Hausa, mai wankin hoto irin na dā kuwa yana Jimeta. Anti Rebeka ta zuba gwangwanayen a kwali, ita da Marvelous suka shiga keke napep za su kai masa. Shekarar ita ce wadda ko buhun gawayi sai an yi masa kallon tuhuma.

A shingen bincike soja ya leƙa cikin keke, ya ga kwali cike da gwangwanaye naɗe da baƙin salatif. Ya yi baya da sauri.

"Madam, wannan menene?"

"Kyamara ce, Oga."

"Kyamara. Ni ma jirgin sama ne."

Usama mai keke ya riga ya ɗaga hannuwa ba tare da an nema ba. "Wallahi Oga, a hanya na ɗauke ta. Adda, gaya masa ba mu san juna ba."

"Kullum kai kake kai mu gida," in ji Marvelous.

Anti Rebeka ta yi bayanin allura da duhu da tafiyar haske. Sojan ya saurara kamar mai jiran a gama wa'azi. Motoci suka yi layi a baya, babu wanda ya yi ƙarfin halin danna hon.

"Buɗe duka."

"In na buɗe, hotunan sun lalace. Babu wata takarda. Jibi taron."

Ya dubi yarinyar, ya dubi kwalin. A ganinsa mai mugun nufi ba za ta ɗora 'yarta kusa da kayan ba, amma bai rantse ba.

"To buɗe ɗaya. Zaɓa. Can nesa da ni."

Ta durƙusa tana karanta sunayen da ke jikin murafen. Khairat, jikar Dakta. Usaid, wanda ubansa ya ba makarantar janareta. Nahla, wadda uwarta ta taɓa zuwa da lauya saboda ɓatan takalmi. Abdurra'uf, mai kukan da ake ji har masallaci. Ta tsallake su duka, ta ɗauki na ƙarshe a kwalin, ta taka cikin rana, ta ɓare salatif.

Farar takarda ce, ba komai a kanta.

"Ina hoto?" sojan ya tambaya daga bayan buhunan yashi.

"Yanzun nan ya tafi."

"Dama na ce ba kyamara ba ne. Ku wuce."

Usama ya tayar da keke yana cewa shi dama tun farko bai ji tsoro ba. Marvelous ta karɓi gwangwanin, ta ga sunanta a murfi. Ta juya takardar gaba da baya.

"Mama, ba ki fito ba."

"Sai an wanke."

Yarinyar ta mayar da takardar, ta danna murfin da ƙarfi, ta toshe hujin da babban yatsa, ta riƙe shi haka har Jimeta.