Kaluluwa a Wuyan Wazana

Wazana na kwance a ɗakin hoto na wani asibiti a birnin Numeya, likita na goga mata na'ura a wuya, sai gyangyaɗi ya fara ɗibarta. Tun asuba ta baro tsibirin Lifu. A allon da ke gefenta wasu inuwoyi na yawo a hankali kamar kifaye ƙarƙashin kwalekwale, har ta ji kamar ruwa ne ke lilo da gadon.

Shekara shida ke nan da aka cire mata maƙoƙo mai sankara. Duk shekara takan zo a duba ta, a ce lafiya lau. Yau hannun likita ya tsaya wuri guda.

"Mama, ga wata kaluluwa da ban yarda da ita ba."

Yayarta Hmaea, wadda ta rako ta, ta daina fifita. "Ba kun ce an gama ba?"

Likita ta juyo gare ta. "Ƙullutun da aka cire mata a maƙoƙon ƙarami ne, kuma ba ta kai hamsin ba da aka gano shi. Wannan duk alheri ne. Sai dai tun wancan karon ya taɓa kaluluwa biyu, shi ya sa ban sake ta ba. Irinsa yakan dawo, amma ba ya saurin yaɗuwa, kuma yana ciruwa."

Aka tsotsi kaɗan da allura, aka ce ta jira kwana goma.

Ta koma gida lokacin da banila, tsiron ƙamshin da take nomawa, ke fure. Kowace safiya takan shiga gonarta da tsinke tana barbarar furanni ɗaya bayan ɗaya don su yi 'ya'ya, hazon teku na ratsa itatuwa. Wani lokaci sai ta farga ta daɗe tsaye, yatsanta a kan tabon wuyanta, tana jin waƙar da marigayiya uwarsu kan yi in tana kankare kwakwa.

"Ke, malalaciya! Furen zai jira ki ne?" in ji Hmaea daga bakin gona.

"Yaya, tsoro nake ji."

Hmaea ta ƙaraso, ta karɓi tsinken. "Ni ma. Matsa in taya ki."

Sakamako ya zo, ciwon ne. Aka cire kaluluwa tara, ɗaya kaɗai ta kamu. Muryarta ta dishe wata biyu, ranar Lahadi sai dai ta motsa leɓe a bayan mawaƙan coci. Da bikin sabuwar doya ya zo, ita ce ta ɗaga waƙar farko, Hmaea na gefe tana ƙorafin ta faye jan waƙar.