Kofur Malami da Ruwan da Bai Ja Ba

Mutanen Tungar Sallau manoman fadama ne a ƙasar Maradun, a bakin gulbi. Ba su da yawa. Abinci ba su rasa shi ba: da damina su yi gero da dawa a tudu, gulbi ya cika ya shafe fadama, da kaka ya ja ya bar musu laka baƙa, su bi shi da albasa da dankali. Abin da suka rasa shi ne labari. Ba su da hanyar kirki, ba makarantar boko, ba mai karanta jarida. Abu yakan faru a duniya ya tsufa kafin ya iso musu, in ya iso kuma ya riga ya sha hannu.

Rediyo ɗaya ce a ƙauyen, ta Kofur Malami. Tsohon soja ne, ya yi yaƙin Turawa a Habasha yana saurayi, ya dawo da tabo a ƙwauri. Kullum da hantsi yakan jera baturan rediyon a kan dutse su sha rana, wai suna ƙara ƙarfi. Bayan la'asar ya fito da ita gindin tsamiyar ƙofar gidansa, maza su kewaye shi. Ba rediyon suke saurare sosai ba, fuskarsa suke kallo. In an gama labarai sai ya kashe ta, ya yi gyaran murya, ya gaya musu wanda za su ɗauka da wanda za su zubar.

Yawanci ba ya jin daɗin abin da ya ji. Da aka mai da tuƙin mota hannun dama, ya ce tsohuwar hanya ba ta yi wa kowa laifi ba. Da aka kawo naira, ya ci gaba da ciniki da sule a bakinsa. Sojojin yanzu kuwa, a ganinsa, yara ne da aka ba kujera kafin su iya tsayuwa a fareti. Amma mutane sun yarda da shi, domin sun sha gwada shi. Akwai shekarar da aka zo da labari daga kasuwar Talata Mafara cewa wata akuya ta yi magana a Bakura, ta ce ranar Juma'a duniya za ta tashi. Mata suka bar daka. Kofur ya ce a koma a yi daka, wanda ya ji akuyar da kunnensa ya zo ya same shi. Ba wanda ya zo, Juma'a kuma ta wuce.

Jikarsa Altine, yarinya ce 'yar shekara goma, ita ke shimfiɗa masa buzu ta kawo masa ruwa a buta. Wasan kaka da jika suke yi: yana ce mata amarya, ita tana ce masa maigida, tana yi masa gorin cewa ba zai iya sayen ko ɗankwali ba. A wurinta, abin da kakanta bai sani ba bai faru ba.

Labarin madatsar Bakolori ya daɗe yana yawo. An ga manyan motoci, an ji ƙarar fasa dutse daga nesa, ma'aikata sun zo sun auna gonaki sun ce ruwa zai cinye ƙauyen, an ware wa mutane wuri a kan tudu. Ran da aka gaya wa Kofur cewa Turawan Italiya ne ke aikin, ya yi dariya har da tari. Ya ce ya san su a Habasha, ya gan su sahu-sahu da hannuwa a sama, ya ma taɓa ba ɗaya daga cikinsu ruwa a gorarsa. Mutanen kirki ne, in ji shi, sun iya gina hanya, amma gulbi ba hanya ba ne. Gulbi yana zuwa da damina, ya koma da kaka, tun kafin a haifi kakan kowa.

A daminar da aka rufe madatsar, ƙauyen ya kasa zama wuri ɗaya. Yau wannan gida ya kwance jinka, gobe wancan ya ɗora tukwane a kan jaki. Karnuka suna bin masu tafiya su dawo, su sake bi. Sirajo, ɗan Kofur kuma uban Altine, ya yi ta kai da komo tsakanin ƙauyen da sabon wurin yana kafa ɗakuna. Sau ɗaya ya tafi da Altine ta taya shi ɗaukar kaya. Duk lokacin da ya kawo maganar tashi, tsohon yakan ce masa ya je ya yi ta wahalar kansa, in ruwa ya ja zai dawo da kayan a ka.

Da damina ta kusa ƙarewa, Kofur ya yi abin da yake yi kowace shekara. Ya gyara ɗan fili a bayan gida, ya yafa irin albasa, ya rufe da ciyawa. In ya tsiro ya yi kamar tsawon yatsa biyu, a lokacin ruwa ya ja daga fadama, sai a cire a dasa a laka. Ban ruwan ya bar wa Altine, safe da yamma. Da uwarta Saratu ta ga haka, Altine ta ji ta tana gaya wa Sirajo cewa mutumin da ya yafa iri ba shi da niyyar tafiya ko'ina.

Taron gindin tsamiya ya yi ta raguwa har ya rage Liman kaɗai. A kwanakin ne maganar jaririyar nan ta Ingila ta sake fitowa a rediyo, wadda aka ce likitoci sun haɗa cikinta a kwalba. Kofur ya kashe rediyon kafin a gama.

"Ka ji su ko, Liman? Ɗiya a kwalba, gulbi a kwalba. Duk labarin guda ne, daga baki guda ya fito."

Liman ya yi murmushi ya ce Allah shi ne masani. Ya ƙara da cewa shi dai jibi zai bi jama'arsa, domin masallaci ba ya tsayuwa da mutum biyu. Kofur ya ce sai ya dawo. Suka yi sallama mai tsawo, kowa yana kallon wani wuri dabam.

Daga nan Altine ce kaɗai mai sauraro. Ya ba ta labarin siyasa da aka ce za a buɗe, ya ce za a sake raba gari gida-gida kamar da. Ita kuwa ba siyasa ce a ranta ba. Ubanta ya ce motar kaya za ta zo ranar Talata, zuwan ƙarshe, domin ruwa ya fara lasar hanya a kwari. Wanda bai shiga ba sai dai jirgin ruwa, in an samu. Ya ce ba zai ɗauki mahaifinsa da ƙarfi ba, ba kuma zai bar mace da yarinya a bakin ruwa ba. Altine ta yi ta juya maganar. In motar ta tashi, wa zai kawo wa tsohon buta?

Don haka ta fi kowa son maganar kakanta ta zama gaskiya. Kowace safiya tana binsa bakin ruwa. Ba ya iya zama a kwanakin nan. Zai je ya dawo, ya taɓa rediyo, ya ajiye, ya sake komawa. Ya koya mata yadda ake karanta gulbi: ruwa in ya yi jawur, ɗauke da yayi, hawa yake yi, in ya kwanta ya yi fari, to, ya gaji, komawa zai yi. Kowa a Tungar Sallau ya san haka. Ran nan kuwa suka tarar ruwan ya kwanta, ya yi garau har ana ganin karan dawa a ƙarƙashinsa.

"Kin gani, amarya? Ya huce. Gyara kwandonki, dashe ya zo."

Ta koma gida da gudu ta gaya wa uwarta. Saratu ta ci gaba da ɗaure tabarmi.

Washegari ruwan yana nan garau, amma dutsen da suka tsaya a kai jiya ya nutse. Kwana biyu bayan haka ya shiga gonar Maiwada, maƙwabcinsu da ya riga ya tashi. Farin ruwa ne, ba igiya, ba ƙara, yana hawa a hankali. Kofur ya ce ƙarshen ƙarfinsa ke nan. Irin albasa kuwa bai jira kowa ba. Ya yi tsawo, ya cunkushe, bakin ganyen ya fara rawaya. Altine ta san abin da hakan ke nufi, domin ta sha ganin dashe: in ya wuce lokacinsa a wurin yafi, ba ya yin kai.

Ta ce masa, "Maigida, albasarka ta tsufa kamar kai."

Bai rama ba. Wannan ya fi komai tayar mata da hankali.

Ranar Talata da safe Sirajo ya fito da sauran kaya ƙofar gida, ya durƙusa ya gaida mahaifinsa, ya ce motar za ta iso kafin azahar. Kofur ya amsa gaisuwar kawai, ya ɗauki sandarsa ya nufi ruwa. Altine ta bi shi.

Ba su kaɗai ba ne a bakin ruwan. Jirgi ne ke tafe a hankali, daidai saman inda fadamar Kofur take, mutum biyu a ciki suna zuba komar kamun kifi. Ƙetare, a kan wani tudu da ruwa ya kewaye, an kafa bukkoki sababbi, hayaƙi na tashi, mata na shanya. Babban cikin mutum biyun ya karkato jirgin ya yi sallama. Suka gaisa, aka tambayi gajiya da iyali da hanya. Ya ce su masunta ne daga wajen Yawuri, sun ji labarin sabon ruwa sun taso.

Kofur ya tambaye shi ko da iyali suka zo. Ya ce da iyali, har da awaki. Ya tambaye shi sai yaushe za su koma. Mutumin ya ɗan yi mamaki, ya ce ai sun zo ke nan, in Allah ya yarda.

Kofur ya nuna wurin da sandarsa. "Nan inda kake, zurfinsa fa?"

Masuncin ya zura gorar tuƙinsa, doguwa, har hannunsa ya jiƙe zuwa gwiwa. Ya zaro ta ya nuna masa gindinta, ba laka ko kaɗan. Sannan ya yi musu tayin kifi, Kofur ya yi godiya ya ce a bar shi.

Tsohon ya daɗe a tsaye yana kallon bukkokin. Altine ta jira ya yi gyaran murya ya gaya mata ko wannan na ɗauka ne ko na zubarwa. Sai kawai ya juya ya kama hanyar gida. Ta san dai abin da ya sha faɗa da bakinsa, cewa masunci ba ya kafa bukka da mata da yara a ruwan da zai gudu ya bar shi.

Da suka dawo, bai bi ta ƙofar gida ba, ya zaga baya. Ya ce ta ɗebo ruwa ta jiƙa wurin yafin sosai, ta kuma kawo tsohon buhu. Ya durƙusa da ƙyar saboda ƙafar, ya fara cire irin a hankali, da ƙasarsa, yana ɗaurewa dami-dami da ciyawa. Ita tana jiƙa buhun tana jerawa a ciki. Daga nesa aka jiyo kukan mota tana fama da kwari. Sirajo ya leƙo ta kan darni, ya ga abin da suke yi, ya koma da sauri. Jim kaɗan suka ji yana gaya wa Saratu ta fito da buzun Baba da akwatinsa.

Kofur bai ɗaga kai ba. Can ya ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Amarya, ke kin je can."

"Na je."

"Yaya ƙasar take?"

Altine ta tsaya da dami a hannu. Tunda take, ba ta taɓa jin ya tambayi wani labarin wani wuri ba. Ta so ta ce masa akwai laka, akwai inuwa. Amma shi ya koya mata kada ta faɗi abin da ba ta gani ba. Ta ce ƙasar ja ce, da tsakuwa. Ta ce rijiya ɗaya ta gani, da layi a bakinta, itatuwa kuma an sare yawancinsu.

"In an zuba ruwa, yana tsayawa ko shanyewa yake?"

Ta ce ba ta lura ba.

Ya gyaɗa kai. Ya tambaye ta ko ɗakinsa na kusa da na Liman, ta ce da ɗan nisa, amma ana jin kiran salla. Ya ce to. Ya ɗaure damin ƙarshe, ya miƙa mata hannu ta taimaka masa ya tashi, abin da a da sai ya ture hannun ya ce shi soja ne. Ta ji tafinsa da sanyi.

A motar aka ba shi gaba kusa da direba, ya ƙi. Ya hau baya ya zauna a kan buhun gero, buhun albasar a tsakanin ƙafafunsa, yana yayyafa masa ruwa daga buta duk sanda rana ta taɓa shi. Da suka zo kwari ruwa ya kai rabin taya, yaran mota suka sauka suna turawa. Bai waiwaya ƙauyen ba. Ita yake kallo, lokaci-lokaci ya tambaye ta ko sun kusa.

A nan Altine ta gane cewa kakanta bai san inda za su ba, ita ce ta fi shi sani, kuma tsoron da take ji shi ma yana jin sa.