Siririn Bango Tsakanin Ramuka Biyu

Zazzaɓi ne ya kwantar da Jatau maƙeri bayan azahar a rumfar maƙerarsa, amma ba zazzaɓin kaɗai ke dafa shi ba. Wata biyar ya yi yana tsara wani dunƙulen ƙarfe mai ramuka da kwarmi ta kowane gefe: nan a lanƙwasa wuyan fartanya, can a zurfafa ludayi, can a huda gatari. Da yumɓu ya gina samfurinsa. Barmo, ɗan baffansa, ya zo gaisuwa, ya fice da shi a buhu, ya kai wa masu narka ƙarfe, suka zuba masa irinsa. Yau gari sai yabon basirar Barmo yake yi. Barmon da ko ƙusa bai iya miƙarwa ba!

Don haka Jatau ya gina na biyu, wanda ya fi na farko kyau, ya shanya shi a bakin ƙofa inda idon ɓarawo zai faɗa. Sai dai da gangan ya matso da manyan ramuka biyu kusa da juna, ya bar bangon tsakaninsu siriri. Ranar da babbar guduma ta sauka a wurin, ƙarfen zai tarwatse a fuskar mai dukan. Da wannan daɗi a ransa barci ya sace shi.

Sai ga shi tsaye a wata ƙasa baƙa ƙirin, ƙasar kuwa ƙarfe ce, rana na rataye ja wur kamar garwashi. Ramukan da ya tsara sun zama rijiyoyi, kwarmin ludayi ya zama tafki. Wata tsohuwa mai jikin fatar akuya ta taho, kafaɗunta na hawa da sauka ɗaya bayan ɗaya. Ya gane ta: zugazuginsa ne.

"Ɗan nan, numfashinka ya fi nawa zafi," in ji ta. "Ina za ka?"

"Wurin Barmo, Iya. Idonsa nake so in gani a ƙasa."

"To, hanya ɗaya ce, kuma kai ka gina ta."

Ta nuna masa wani siririn bango tsakanin rijiyoyi biyu. Ya hau, yana tafe bangon na kuka a ƙarƙashinsa kamar fasasshiyar ƙwarya. Awartakinsa ya wuce ta kansa, ya zama tsuntsu mai dogon baki, ɗauke da jan ƙarfe.

"Ni riƙewa ce aikina," tsuntsun ya ce. "Ban taɓa tambayar wa zai buga ba."

A tsakiyar bangon ya tarar da maƙeran unguwa zaune, rayayyu da matattu. Ga Barmo cikin sabuwar riga, guduma a hannu. Zuciyar Jatau ta yi fari tas. Buga, ɗan banza, buga!

Barmo bai buga ba. Durƙusawa ya yi, ya miƙa gudumar da hannu biyu. Ai kuwa haka al'adar unguwarsu take: sabon kayan aiki, dattijon maƙera ne ke fara ɗora masa guduma don albarka. Jatau ya san haka tun yana goye, amma fushi ya mantar da shi. Dattijon kuwa a yanzu Baba Gagare ne, mahaifin Jatau, wanda tartsatsi ya cinye wa ido ɗaya tun da daɗewa.

"Baba, kada ka buga!" Hayaƙi ne ya fito daga bakin Jatau maimakon murya.

Tsohon ya shafa ramukan da tafin hannu, ya sunkuya da idonsa ɗaya tilo, ya yi murmushi.

"Aikin hannunka ne, Jatau, na gane shi. Me zan ji wa tsoro?"

Ya ɗaga gudumar.

Firgigit Jatau ya farka, gumi sharkaf, ana kiran la'asar. Ya rarrafa bakin ƙofa don ya farfasa yumɓun nan da hannunsa. Babu shi. Sai shatin danshi a ƙasa inda ya zauna, da sawun takalmin Barmo ya nufi tasha, hanyar zuwa wurin masu narka ƙarfe.