Safiyar da Teku Ta Fice Daga Garinmu

Ina share ƙofar gida da safe sai na ji wata ƙara, kamar ana zuƙe romo daga kwano. Na ɗaga kai. Teku ce ke ficewa daga mashigin garinmu, lungun ruwan da jirage ke tsayawa.

Titi ne kawai tsakanin gidanmu da jiragen masunta. A tsibirin aka haife ni, na saba ganin ruwa ya ɗan ja baya ya dawo a lokacin zafi, muna ce masa šćiga, ba mai kula shi. Amma ban taɓa ganin ƙasan mashigin tsirara ba sai ran nan. Ba iska, ba hadari. Gajimare ne kawai ya yi layi-layi a sama kamar kunyoyin gona.

Kifaye suka yi ta tsalle a taɓo. Vinka maƙwabciyata ta fito a guje, zaninta a tattare.

"Perina, ɗauko bokiti! Yau kifi ya gaji da mazajenmu, ya kawo kansa!"

Ban yi dariya ba. Mijina Dinko yana cikin jirginsa, wanda ya zauna a laka ya karkace, yana fama da igiyar da ke riƙe shi a gaɓa, wadda ta ɗaure tamau.

"Dinko, fito!"

"Ke dai da tsoro! In ban sassauta ta ba, hancin jirgin za ta cire."

Kafin ya rufe baki ƙarar ta sake, ta zama ruri. Ruwan ya juyo daga bakin mashigi, baƙi ƙirin, yana tafe da kwale-kwale a kansa. Na ga Vinka ta yar da bokiti. Na buɗe baki zan sake kiran Dinko, sai na tuna da mahaifina, wanda ƙafafunsa suka shanye, yana kwance a ɗakin ƙasa.

Ruwa ya riga ni shiga. Ya kai min gwiwa, sanyinsa har ƙashi.

"Baba, riƙe wuyana."

"Bar ni, 'yata. Hau sama."

"Ka yi shiru ka riƙe ni!"

Na goya shi. Gangunan giya sun taso suna dukan bango, randar man zaitun ta fashe, matakala ta yi santsi. Na zame, haɓata ta bugi dutse, na ji gishiri da jini a baki. Ruwa ya kai ƙirjina. Da gwiwa na ƙarasa hawa, Baba yana ta kiran sunan Maryamu a kunnena.

Na ajiye shi a gado na ruga taga. Ruwan yana komawa, yana jan kujeru da ƙofofi da kejin kajin wani. A tsakiyarsu ga jirgin Dinko yana juyi, shi kuma kwance a ciki rub da ciki. Na yi ihu har muryata ta dushe. Jirgin ya ɓace a bayan kwana.

"Girgizar ƙasa ce?" in ji Baba.

"Ko kofi bai motsa ba, Baba."

"To me ke tura shi?"

Abin da ya fi firgita ni ke nan: rana ta fito tas, tsuntsaye na kuka, teku kuma tana fita tana dawowa ba wanda ya taɓa ta. Duk dawowarta sai na leƙa tarkacen da ta kawo, ina neman shuɗiyar rigar Dinko, ina kuma roƙon kada in gan ta. Vinka tana maƙale a kan fitilar titi, ba ta ko iya kuka.

Wajen hantsi ruwan ya lafa. Aka sami jirgin a maƙale tsakanin gidan burodi da matakalar coci. Dinko yana ciki da ransa, igiya ta tafi da yatsunsa biyu. Haƙoransa sai kaɗawa suke yi.

Bayan kwanaki wata masaniyar yanayi ta tsallako teku daga babban yankin ƙasarmu, muka taru a harabar coci. Ta ce iskar sama ma tana yin taguwa kamar teku. In iska mai gudu ta tsallako duwatsun Italiya da ke ƙetaren tekunmu, sai ta yi ta hawa da sauka, tana danna ruwa tana saki. In gudunta ya zo daidai da na taguwar da ke ƙasa, ruwan ya yi ta kumbura, mashiginmu kuma dogo ne siriri, sai ya tattara shi ya watso mana.

Vinka ta ɗaga hannu. "To, 'yar nan, za ku iya gaya mana ranar da zai dawo?"

Matar ta ce, "Wani lokaci. Ba kullum ba."

Aka watse. A makon nan muka hau da gadon Baba sama gaba ɗaya. Dinko kuwa, hannunsa bai gama warkewa ba ya fara gyaran jirgi.