Shafin da Ari Ya Ƙi Karantawa

Ni dai tun da nake ban taɓa ganin hannu mai kyau irin na Ari ba, kuma ban taɓa jin haushin hannu kamar nasa ba. A lokacin ina koyarwa a wata 'yar makarantar boko a bayan unguwar Shahuci, Turawa ba su fi shekara talatin da shigowa ba. Ari ɗan Malam Kolo ne na Ƙofar Ruwa, Barebari, gidan da tun kaka da kakanni sana'arsu kwafar littattafai da hannu. Duk abin da na rubuta a allon bango, Ari zai kwashe shi tsaf, har ya fi nawa kyau. To ka ce ya karanta abin da ya rubuta, sai ido. Ga shi saura wata biyu mai duba makarantu ya zo, kuma ƙa'ida ce duk yaron da ya shekara biyu bai iya karatu ba a sallame shi, a ba wani gurbinsa. Shi kuwa Ari makarantar nan ta shiga ransa, kullum shi nake tararwa a bakin ƙofa.

Da na ga abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai na yi wata dabara. Na daɗe da lura yaro ya fi saurin gane kalmar da ta fito daga bakinsa. Na yanka takardu, na ɗinke da zare, na ba kowane yaro ɗan littafi, na ce kullum ya rubuta abin da idonsa ya gani, ko layi biyu ne, ko akuya ce ta shiga gidansu. Na kuma yi musu alkawari ba mai gani sai ni.

Washegari Ari ya kawo nasa, ya rubuta wai an yi wa ƙanwarsa kitso ta yi ta kuka. Har na fara murna. Sai na buɗe na Ɗanjuma, ɗan mahauta, wanda ke zama kusa da shi, na ga magana ɗaya ce sak, har kuskuren da Ɗanjuma ya yi ya soke, shi ma Ari ya yi ya soke. Kuma Ari ko ƙanwa ba shi da ita! Raina ya ɓaci, na yi ta faɗa har makogwarona ya bushe. Abin da ya ƙara tunzura ni, ko kunya bai ji ba. Ya dube ni ya ce ai bai ƙara ba, bai rage ba.

Bayan la'asar na nufi Ƙofar Ruwa, ina tafe ina shirya maganganun da zan zazzage wa uban. Na sami Malam Kolo a zaure, ya matso daf da bakin ƙofa inda haske yake, hancinsa kamar zai taɓa takarda. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce:

"Malam Salihu, kai ne ka sa yaron nan a tsaka mai wuya. A gidan nan ba mu sa maganarmu a takarda. Abin da na gaba ya rubuta shi muke ɗauka, kuma wanda ya ƙara ko wasali ɗaya ya ci amana. Tun yana ɗan shekara biyar nake karya masa alƙalami a kan wannan."

Ashe abin da nake kira sata, shi ne tarbiyyar gidansu. Amma ni mutum ne mai taurin kai, sai na tambaye shi ko babu wuri ko ɗaya da marubuci ke magana da bakinsa. Ya laluba bayansa ya jawo wata tsohuwar gafaka, ya buɗe ƙarshen wani littafi da mahaifinsa ya kwafa. Ya ce nan ne kaɗai, bayan aiki ya ƙare. Ya karanta mini da Larabci ya fassara: an gama ranar Laraba, shekarar da rijiyoyi suka ƙafe, hannuna na ciwo, wanda ya karanta ya yi wa 'yata Zara addu'a. Na lura bai ko dubi takardar ba, na ɗauka haddace ce kawai.

Da safe na kira Ari, na ce daga yau ya kwafi layi ɗaya daga allo a saman shafi, ya ja layi a ƙasa. Abin da ke ƙarƙashin layin nan ƙarshen littafi ne, wurin marubuci, kamar yadda kakansa ya yi. Ya koma ya zauna.

Kai, rubutun farko abin dariya! Hannun nan mai kyau ya karkace kamar sawun kaza, kalma uku ya yi ta fama da su har aka tashi. Amma nasa ne. Kullum da safe sai ya zo gefena ya karanta mini a hankali: sun dafa tawada, ƙaro ya yi yawa, guga ya faɗa rijiya, wani Balarabe ya kawo takarda mai alamar wata. Daga nan sai ya fara cin karo da kalmominsa a littafin karatu, ya ɗora yatsa a kan "rijiya" yana murmushi kamar ya ga ɗan unguwarsu a kasuwar Kurmi. Kafin sati shida yana karanta shafi guda, da tuntuɓe dai, amma yana kaiwa.

To a nan ne na yi wautar da har yau take cina. Ranar da mai duba makarantu, Malam Mailafiya, ya zo, baki ya ja ni. Na yi ta yabon dabarata, har na ce yara su karanta daga littattafansu ya gani. Alkawarin da na yi musu ko tuna shi ban yi ba. Shi kuwa ya ce to, amma shafin jiya, wanda ban riga na gani ba, don kada a ce na biya musu.

Da aka zo kan Ari, ya miƙe ya karanta layin sama sumul. Ya sauko ƙarƙashin layi, ya tsaya. Ina ganin idonsa yana bin kalmomin, bakinsa a rufe. Ga 'ya'yan attajirai da malaman da ke kai wa ubansa aiki duk sun zuba masa ido. Na harare shi, na yi gyaran murya, wallahi kamar in shaƙe shi. Malam Mailafiya ya jira iya jira, ya yi alama a takardarsa, ya kira na gaba.

Da aka tashi na fizge littafin. Ga abin da ke ciki: "Yau Baba ya tsoma alƙalami a ƙoƙon ruwa, yana zaton tawada ce. Ya rubuta layi biyu da ruwa. Ban faɗa masa ba."

Marubucin da aka ji idonsa ya tafi, wa zai sake kai masa aiki? Na bi Malam Mailafiya na roƙe shi ya sake gwada yaron da wani shafi, ya ce in ya yi wa ɗaya sai ya yi wa duk bakwai da suka faɗi, sai dai in akwai dalili. Dalili kuwa yana hannuna. Na juyo na ga Ari ya biyo ni, ya kama gefen littafin.

"Malam, ka ce kai kaɗai za ka gani."

Na sakar masa. Haka aka sallame shi a kan bai iya karatu ba, ina tsaye, na san ƙarya ce, ban ce uffan ba. Na yi kuka ranar nan, ba na jin kunyar faɗa.

Shekara uku gidan Malam Kolo suka ci gaba da karɓar aiki, mutane na cewa hannun tsohon sai ƙara kyau yake. Ni dai na san hannun Ari ne, amma na ja bakina. Rannan na kai wani littafi nawa da ya tsufa a kwafa mini. Da aka kawo, na duba ƙarshensa na ga sunan Malam Kolo. A cikin gafakar kuma ga 'yar takarda an yago daga ɗan littafin nan da na ɗinka wa Ari, an ja layi a tsakiya, sama ba komai. A ƙarƙashin layin an rubuta da boko:

"Yau na karanta wa Baba littafina tun daga farko. Da na zo wurin ruwan na tsaya. Ya ce in ci gaba, kada in rage."