Ramin Muna

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta.

Samiratu na durƙushe a gindin dangar garka tana yasar rairayi da sakaina sai Zaidu, mijinta, ya shigo daga gona.

"Mi kike haƙa?"

"Ramin Muna ne, Malam."

Ɗiyarsu Muna, Allah sarki, shekararta huɗu ba ta taɓa tsayuwa ba. A asibitin Filinge akwai wata Madam Ruƙayyatu, mai gasa wa irin waɗannan yara jiki, tana zuwa daga Yamai ranar kasuwa. Ita ta ce a haƙa rami daidai ƙugun yarinyar, a tsai da ita ciki safe da marece, a ba ta abin wasa, ƙafafun su koyi ɗaukar nauyi. In an bari, jijiyoyin za su ƙanƙance, kuma ba su sake miƙewa.

Samiratu ta zura Muna, ta tattaro ƙasa ta tokare ta. Yarinya ta ga kaji daga sama, ta ƙyalƙyale da dariya.

Shi ko Zaidu bai ga abin dariya ba. Ku tuna fa, jikokina, da hannunsa ya haƙa wa ɗansu na fari kabari, ɗan ƙarami kamar wannan. Ya fizge ɗiyarsa, ya ture ƙasar da ƙafa.

"Ba a haƙa ma ɗiyata rami tana da rai!"

"Magani ne, Malam. Madam ta ce..."

"Madam ta je ta haƙa ma nata ɗiyan."

In ta haƙa da hantsi, da azahar ya cike. Har ta gaji ta bari, sai ɗan matsa ƙafa da man gyaɗa. Ana haka hanya ta lalace da tsoron 'yan bindiga, motar Yamai ta daina kawo Madam.

Bayan an yanke hatsi, Zaidu ya kai damman hatsi garin Bonkuku. Can a gidan abokinsa Dodo ya ga yaro mai irin ciwon Muna tsaye, ya dafa turmi, ga raminsa nan gefe ya yi sulɓi don shiga. Bai ko tsaya shan fura ba.

Yana isowa gida ya ɗauki hauya. Ya haƙa, ya gyara baki, ya tsince tsakuwa ɗaya ɗaya.

"Kawo ta."

Samiratu ta kawo ta. Ƙafafun sun naɗe, gwiwoyi sun tokare bakin ramin. Ya ja a hankali, Muna ta tsala ƙara.

"Bari, Malam," in ji Samiratu. "Faɗaɗa shi dai, ta zauna."

Ya faɗaɗa, bai ɗaga kai ba.

Madam ba ta sake zuwa ba. Zaidu ya tafi cirani, yana aiko saƙo a gaishe da Muna. Samiratu na nan tana goya ta, ƙafafu na bugun cinyoyinta. Muna kuwa kullum da safe tana zaune cikin raminta, tana kallon yara suna wucewa lakwal, wato makaranta.

Iyakarta ke nan, ƙurunƙus.